Kunyar da Muka Yaba wa Dije

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, yau in ce zan faɗa, gobe in ce a bar kaza cikin gashinta. Mai abin ce da kanta ta ce in rubuta, don haka ba asiri nake tonawa ba. Ƙanwata ce Dije, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tana nan da ranta har da jikoki. Saboda masu zuwa barka da masu yi wa mai jego wanka nake faɗa, don kuskuren da aka yi mu mata muka yi shi, idonmu biyu, har muna murna.

Lokacin ba a daɗe da canza kuɗi daga fam zuwa naira ba. Kuɗi sun shigo ƙasa, samarin Mabai da yawa sun jingine fartanya sun bi 'yan kwangilar hanya, mijin Dije, Mamman, yana cikinsu. Da cikinta ya kai wata bakwai aka dawo da ita gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ni kuwa ina aure a Mairuwa, ina goyon 'yata Binta. Ranar da aka aiko cewa Dije ta sauka, an sami namiji, na ƙulle kayana na taho da niyyar yin mako guda. Wata biyar na yi ban koma ɗakina ba.

A wurinmu mace ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai an yi ta fama da ita. Wadda ta fi kawar da kai ita ce 'yar gidan mutunci. Ni kaina 'yar fari ce, kuma har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, daga "ke" sai "waccan".

Da na shiga ɗakin jego na tarar da Dije kwance kan gadon wuta, ta juya fuska bango. Jinjirin yana cinyar Gwaggo Hansai, yayar babanmu, wadda ita ke yi wa duk matan gidan wankan jego. Gwaggo sai fara'a take.

"Talatu, zo ki ga tarbiyya," in ji ta. "Yau kwana ukku ɗiyar ga ko kallon shi ba ta yi ba. Ba irin na yanzu ba, da za ki ga an rungume jinjiri gaban surukai, ido tsaye."

Na zauna bakin gado na zunguri ƙafar Dije. Yarinyar da muke kira rediyo mai jini saboda surutu, wadda ko a gidan makoki sai an harare ta take yin shiru.

"Ke Dije, mu ma ɗiyan farin naki ne? Tashi ki gaishe ni."

Ta juyo ta dube ni, ta ce sannu da zuwa, ta koma. Ba dariya, ba tsiwa. Na ce a raina gajiyar haihuwa ce.

Aka yi suna, yaro ya ci Lawal. Matan da suka zo duk labarin kunyar Dije suka tafi da shi, har wata ta ce za ta kawo 'yarta ta ga yadda ake yi. Ni ma da bakina na yi ta yabon. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

A mako na biyu ta daina cin abinci. Mamman ya aiko da ƙafafun saniya aka yi ƙauri, yaji har yana sa atishawa, ta ɗanɗana ta ture. Kunun kanwa ya riƙa sanyi a kwano. In Gwaggo ta tafasa ruwa ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata, wankan da ni na yi ta kururuwa lokacin nawa, Dije ko uffan. Gwaggo ta ce jarumta ce. Komai ta yi, muna da sunan yabo da za mu sa masa.

A mako na uku kwanciyar ta ƙare, aka koma tsaye. Ba ta iya zama. Ta tashi ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta ninke zannuwanta, ta warware, ta sake ninkewa. Barci kuwa Inna ta ce ba ta ga alamar tana yi ba. Idanunta suka faɗa. Nono ya ja baya, Lawal ya riƙa wani siririn kuka da ba ya yankewa. Wata rana da hantsi na kasa daurewa, na sauke Binta na sa shi a nonona. Ya kama kamar zai cinye ni. Dije tana tsaye jikin bango tana kallon ƙasa, sai ta yi magana a hankali.

"Yaya, ki riƙe shi ke. Ni ba komi cikina. In na dube shi, kamar na dubi turmi."

Na ce, "Mi kike cewa haka?"

"Don Allah kar ki hwaɗa ma Inna."

Ban faɗa ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, ba na Gwaggo ba. Na ji tsoron a ce ƙanwata ba ta son ɗanta, na haɗiye maganar kwana tara, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Ranar da asiri ya tonu, tsakar rana ce, muna sussuka a bayan gida. Sai ga wata Bafillatana mai tallar nono ta yi sallama, riƙe da hannun Dije. Ba takalmi, ba mayafi. Ta ce a bakin tsohuwar rijiyar fadama ta same ta, tana leƙawa, tana magana ita kaɗai. Inna ta saki taɓarya ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa na faɗi abin da nake ɓoyewa, gaban kowa.

Daga nan gidanmu ya zama kasuwar shawara. Gwaggo ta ce iska ce, tunda ta fita tsakar rana ba ta yi arba'in ba, ta manta cewa kafin fitar ma ba lafiya. Wata ta ce sammu ne, a bincika dangin miji. Wata tsohuwar Bamaguza da muke mutunci da ita ta ce a yi mata girka irin ta 'yan bori, Baba ya ce ba a gidansa ba. Aka yi hayaƙi har ɗakin ya yi baƙi, aka jiƙa saiwoyi, aka shafa, aka ɗura. Dije tana karɓa duk, ba ta musu, sai dai tana gamawa ta miƙe ta ci gaba da kai da komowa. Aka sa ni gadinta. Ko bayan gida za ni sai na damƙa hannunta a na Inna, kuma in na dawo da gudu nake dawowa.

Shi kuwa Mamman, kunyar surukai ta hana shi wuce zaure. Ya zo ranar hutunsa, ya durƙusa ya gaida Baba, a ce masa mai jego tana lafiya, ya ajiye sabulu ya tafi. Rannan na yafa mayafi na same shi a zauren.

"Mamman, matarka ba ta da lahiya. Ba jiki ba, kai."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. "Yaya, an ce mani kunya ce."

"Kunya ta kai mutum bakin rijiya? Tashi ka shiga ka gan ta, in an yi maka magana ka ce ni na sa ka."

Ya shiga. Bai daɗe ba ya fito yana share ido da hannun riga.

A mako na shida muka kai ta wurin wani malami a Damari, wanda aka ce yana da sa'ar irin wannan. Ni da Gwaggo da Mamman, a bayan akori-kura, Lawal a bayana. Malamin dattijo ne mai sanyin magana, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a rumfar bayan gidansa na ga mutum uku zaune da mari a ƙafa, ɗaya mace ce, ƙarfen ya ci idon sawunta. Malam ya ce in za a bar Dije sai wata uku, kuma tunda tana fita, dole a sa mata. Sai na ji Dije ta cafki gefen zanena ta riƙe gam.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ba za a sa mata ba."

Gwaggo ta hayayyaƙo mini. "Ke a wa? Kin hi ubanku sani?"

"Gwaggo, mun yabe ta har ta kusa mutuwa, yanzu kuma mu ɗaure ta?"

Ban taɓa mayar wa Gwaggo magana ba sai ranar. Malam ya ɗaga hannu ya raba mu. Ya ba mu rubutu a kwalba, ya ce, "Ku haɗa da asibiti. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, bai ce wuri guda ya aje shi ba." Har gobe ina yi wa wannan bawan Allah addu'a.

Muka je ƙaramin asibiti a Kankara. Malamin asibitin ya taɓa goshinta, ya duba idonta, ya ce ba zazzaɓi, ba aikinsa ba ne. Ya rubuta takarda, ya ce akwai babban asibiti a birni inda ake duba masu ciwon tunani, mu wuce Funtuwa mu sake mota. Da muka kawo maganar gida aka yi kwana huɗu ana ja. Gwaggo ta ce in Dije ta taka asibitin mahaukata sunan zai bi ta har 'ya'yanta. Baba ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a. Inna ce, wadda ba ta ɗaga murya a gidan, ta ce, "Suna shi bi ta tana da rai." Aka tashi a kan haka.

Ba zan iya ɗaukar goyo biyu ba, kuma Lawal ba shi da nono sai nawa. Na yaye Binta ba lokacinta ba, na bar wa Inna ita tana ihu tana miƙo hannu. A duk abin da jinyar nan ta ci, har da keken Mamman da rediyonsa da ya sayar, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Asibitin kuwa, Allah ya isa tsakanina da layin kati. Gine-gine sababbi ana ta ɗorawa, motocin siminti suna shiga suna fita, amma taga ɗaya ce ake ba da kati, mai ba da shi kuma sai ya ga dama. Ranar farko muna gab da tagar aka rufe. Rana ta biyu aka ce takardarmu ba hatimi. Ina riƙe da Dije da hannu ɗaya, tana ja za ta tafi, Lawal yana tsala kuka a baya, Mamman yana bin masu farin kaya yana "ranka shi daɗe" ba mai kallonsa. Sai rana ta uku muka ga likita, wani Ba'indiye, da wata ma'aikaciyar jinya tana yi masa tafinta. Tana buɗe baki na ji Hausar gida. Sista Rifkatu, 'yar wajen Sabuwa ce, iyayenta Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista. Na ji kamar in rungume ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kwashe komai na faɗa. Da na zo kan kunya, Sista ta ajiye alƙalami.

"Yaya, tsaya. In kun hita kun bar ta ita ɗai da yaron, mi take yi?"

Ban sani ba. Ba wanda ya sani. Kullum ɗakin cike yake da mu, muna kallon yadda ba ta kallonsa.

Ta gaya wa likita, suka yi magana, ta juyo. "Ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Shina taɓa tunani kamar yadda zazzaɓi ke taɓa jiki. Ba iska ba ne, ba ƙin ɗa ba ne, kuma ba laihinta ba ne. Ana warkewa." Wannan kalma ta ƙarshe na riƙe, don tun da aka fara ba wanda ya faɗe ta.

Aka kwantar da ita mako shida. Ni ina kwana a barandar masu jinya. Maganin ya sa ta barci, abin da muka daɗe muna nema, amma ya sa hannunta rawa, wuyanta ya sandare, miyau yana zuba. Na je na tayar wa Sista da hankali, na ce kun ƙara mata wani ciwon. Ba ta yi fushi ba, ta kai ni wurin likita aka rage. Wani makon a ce maganin ya ƙare, sai Mamman ya shiga gari ya nemo a kanti. Wasu ma'aikatan suna yi wa marasa lafiya tsawa kamar awaki, wasu kuma, irin Sista, da hannunsu suke ba su abinci. Na gode, kuma na yi ƙorafi, duka biyun gaskiya ne.

A hankali Dije ta fara ci. Kai da komowar ta ragu. Ranar da ta ce mini miyar asibiti kamar ruwan wanki, na yi dariya har da hawaye, don na ji ɗuriyar tsiwarta. Amma game da Lawal, shiru. Sista ta ce kullum in shimfiɗa shi kusa da ita in fita, kar in ce ta ɗauka, kar in ce ta duba. Na yi ta yi. In na dawo, yadda na ajiye shi haka zan same shi, ita kuma tana kallon taga. Yaro ya yi wayo, ni yake bi da ido, ni yake yi wa dariya. Dangin Mamman suka fara aiko da maganar a kawo musu ɗansu kakarsa ta riƙe, tunda uwar ba ta iyawa. Na san in ya tafi a haka, shi ke nan, an raba su ke nan. Hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Da aka sallame mu, da ƙullin magani da ranar dawowa, muka koma Mabai. Binta ta gan ni ta ɓuya bayan Inna, sai da na yi kwana biyu ina lallashi. Gwaggo ta zo dubiya, ta ga Dije zaune, Lawal a cinyata, ta taɓe baki ta ce, "To, ga shi nan dai yadda aka tahi."

Da yamma ina taya Inna tankaɗe na ba ta labarin tambayar da Sista ta yi mini. Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Gaskiyarta. Mai kunya ɓarauniya ce. Gaban mutane ta kau da kai, ana hita ta saci kallo, ta shinshina kan abinta. Ni ya kamata in gane, tunda na sani."

Na ajiye rariya. "Inna, da wa kika yi taki satar?"

"Tashi ki ba ni wuri," in ji ta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Shekarata ashirin da wani abu a duniya ina zaton matar nan haƙuri kawai take yi da ni.

To, ga abin da nake roƙon duk wadda ta shiga ɗakin mai jego. Kar ki tsaya a abin da take yi gabanki. Ki fita, ki ba ta wuri, ki leƙa. In kin ga ba ci, ba barci, ba satar kallo, kar ki yaba, kar ki ɓoye kamar yadda na yi, kar kuma ki jira rijiya. A yi addu'a, a kuma nemi asibiti tun da wuri.

Dangin Mamman suka sa rana, suka ce bayan kasuwa biyu za su zo ɗaukar yaro. Mamman ya ce bai yarda ba, amma ƙaramin ɗa ne a gidansu, maganarsa ba ta da nauyi. Ni kuwa na ci gaba da abin da Sista ta koya mini. Kullum bayan azahar in shimfiɗa Lawal a tabarma kusa da Dije, in ce za ni ɗebo ruwa, in zagaya bayan ɗaki inda zana ta ɓule, in sa ido. Kwana ɗaya, biyu, biyar, ba komai. Ƙafata har ta yi gurbi a wurin. In koma ciki in ɗauke shi, raina a jagule, in ƙirga kwanakin da suka rage.

Rana ta tara, Lawal yana kwance yana wuntsila ƙafa, sai ya kamo bakin zanenta ya ja. Ta dube shi. Ta dubi ƙofa, ta kasa kunne. Sannan ta miƙa hannu, yana ɗan rawa saboda magani, ta jawo shi jikinta. Ta buɗe tafin hannunsa ta duba, ta taɓa kunnensa, ta sunkuya ta sa hancinta a tsakar kansa, ta daɗe a haka. Na ga bakinta yana motsi, ban ji abin da take gaya masa ba, kuma har yau ban tambaya ba.

Na share fuskata, na zagayo, na yi gyaran murya a bakin ƙofa. Kafin in ɗaga asabari ta yi wuf ta mayar da shi tabarma, ta juya fuska bango.

"Yaya, zo ki ɗauki ɗanki, ya ishe ni," in ji ta. Tana faɗa tana danne dariya.

Ban ɗauke shi ba. Na bar su na fita tsakar gida. Inna tana bakin turmi, Gwaggo tana zaune gefe tana tsinke zogale.

Na ce, "Inna, a aika ma dangin Mamman kar su wahalar da ƙahwarsu. An hwara sata."

Gwaggo ta ɗago a firgice tana tambayar me aka sace. Inna ta daina daka. Ta jingine taɓarya, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Alhamdu lillahi. Sannu, Talatu."